Igiya Uku da Hannunka na Hagu

Najma, Doha.

Zuwa ga ɗana Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannu da hanya, sannu da gajiya. Allah Ya sa takardar nan ta same ka ƙafarka a ƙasa, kunnenka ya buɗe daga toshewar jirgi, cikinka kuma bai juya ba. Wanda Ya tsare ka a kan ruwan Yawuri tun kana rarrafe cikin kwalekwale, Shi nake roƙo Ya tsare ka a ƙasar nan, a tudu da cikin ruwa.

Mutumin da ya miƙo maka takardar shi ne Mumuni, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a filin jirgi. Mun daɗe muna ɗaki ɗaya da shi. Ka kira shi Baba Mumuni, kada ka bari ya ɗaukar maka jaka ko ya nace, kuma idan Hausarsa ta ba ka dariya ka haɗiye, don shi ma tamu dariya take ba shi. Gadona ya zama naka, shi ne na ƙasa kusa da taga. Akwai wata doguwar jaka a ƙarƙashinsa, saboda ita na zauna wannan dogon rubutu.

Na so in tare ka da kaina, Allah bai nufa ba. Takardunka sun yi jinkiri, wa'adin zamana kuma ya cika. Kai kana Abuja kana jiran tashi, ni jirgina Kano zai sauke ni, wataƙila ma a sama za mu wuce juna. Na gwada in faɗa maka abin da ke raina ta waya, amma ka san halina. Da na ji muryarka sai in tambayi lafiyar Innarka, in tambaya ko ruwa ya ja baya, in kashe.

Ga yadda maganar take. Abu Rashid, kafil ɗina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, dattijo ne mai ƙaramin jirgin ruwa da mota ɗaya. Yana kai baƙi kamun kifi da doguwar sanda mai riƙon hannu biyu. Ni ne mai ɗaura musu igiya, in koya musu jifa, in tsaya kusa da su cikin ruwa. Yanzu kafaɗata ta dama ta ƙi, ko hula ba na iya sawa sai na sunkuyar da kai. Abu Rashid ya yarda zai gwada ka a gurbina tsawon sanyin bana. In ka yi masa, aikin naka ne. In ba ka yi ba, zai sallame ka cikin mutunci, ka tarar da ni a gida mu zauna muna kallon juna, ni ba kafaɗa, kai ba aiki. Ni ban yarda da wannan zaman ba, kuma ba na so ka yarda da shi.

Ranar da na kai masa maganarka, tambaya ɗaya ya yi mini. Ya ce, "Garba, ɗan naka yana da kafaɗa?"

Na ce, "Biyu gare shi, ya Abu Rashid."

Ya ce, "Kai ma ai biyu na gani ranar da ka zo."

Na ce, "A'a, da ɗaya na zo, ita ma na cinye ta."

Ka riƙe wannan amsar, za mu dawo kanta.

Da farko ka manta da fatsar da ka sani. A nan ba darma, ba tana. Ƙugiyar ce ake yi wa ado da gashin tsuntsu da zare mai ƙyalli har ta yi kama da ɗan kifi, ni ƙwaro nake ce mata. Ba ta da nauyin da za ka jefa. Igiyar ce mai nauyi, ita kake jefawa, ita kuma ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. Shi ya sa kowace igiya kashi biyu ce: gabanta mai kauri shi ne kai, bayanta siriri shi ne wutsiya, mai bin kai idan ya tafi. Duk gardamar da za ka ji baƙi suna yi a mota, wannan ya ce tasa ta fi, wancan ya ce tasa, a kan tsawon kan nan ne da nauyinsa. A jakar za ka ga kwarkwaro uku na naɗe igiya, na ɗaura wa kowanne zare, fari da baƙi da ja. Kowanne akwai wautar da na tafka da shi, kuma gara ka ji daga bakina kafin Baba Mumuni ya ba ka ita da ƙarin gishiri.

Mai farin zare ita nake kira Doguwa. Kanta ya kusa tsawon sanda biyar. Abu Rashid ya zo da ita daga ƙasar sanyi inda ya koyi wannan sana'a a manyan koguna. Ranar farko da na ga ya ɗaga ta gaba ɗaya daga kan ruwa, ta lanƙwashe kamar baka a bayansa, ta miƙe ta kwanta can nesa ba ko ƙara, sai zuciyata ta tafi. Na ce ni Garba, da na fara jefa birgi, ragar kamun kifinmu, tun ban san wando ba, wannan ce igiyata. Duk ranar hutu da sassafe ina bakin ruwa a Wakra ina fama da ita, har na iya. Masu motsa jiki su tsaya suna ɗauka ta a waya, ni kuwa ina ƙara turo ƙirji.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, don kogi aka yi ta. A kogi ruwa na tafiya, shi ke jan ƙwaro ya zagaya da shi, ya miƙe maka igiyar, kai sai dai ka ɗaga ka sake ajiyewa. Teku ba ya yi wa kowa wannan aikin. Kifin nan kuma ba ya cin abin da ke kwance sai mai gudu, dole ka riƙa fizgo ƙwaron da hannu har ya zo gab da ƙafarka. Kafin nan duk tsawon kan Doguwa ya dawo ya taru a gabanka, sai ka yi ta kaɗa sanda kana fitar da shi kaɗan-kaɗan kafin ka sami abin jefawa. Kifin da ka hango kuwa ba jiran ka zai yi ba.

A kan wani likita na koyi wannan, baƙon Abu Rashid, mutum mai haƙuri da bai taɓa riƙe irin sandar ba. Don ya san da gwani yake tare, na ɗaura masa Doguwa. Da hantsi sai ga garken kifin nan mai tsalle da Turawa ke kira sarauniya, sun koro ƙananan kifi har gabanmu, ruwa sai tafasa yake. Likita ya ɗaga, igiya ta naɗe masa wuya. Ya warware, ya sake, ta naɗe sandar. Har kifin suka ƙoshi suka yi gaba, ƙwaronsa bai sauka inda ya kamata ba. Abu Rashid bai yi faɗa ba. Ya zo ya cire kwarkwaron da hannunsa, ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ka riƙa kai ta Wakra, can ne masu kallo suke." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ga kuma zafi. Fatarta ta ruwan sanyi ce, da rana ta buɗe sai ta yi laushi ta riƙa manne wa zoben sanda kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Ga nauyin ɗaga ta daga ruwa, wanda duk a kafaɗa yake sauka. To ka ji, Doguwa ta koyo ce, ba ta aiki ba. Ka fita da ita ranar hutu in iska ta kwanta, don ba ta rufa wa kowa asiri, duk inda hannunka ya karkace sai ta nuna. Amma kada ka ɗaura wa baƙo ita, kada kuma ka zaɓi kayan aiki don yadda za ka fito a hoto.

Mai baƙin zare ita ce Guntuwa, a kwalinta an rubuta Skagit. Kanta bai kai sanda biyu ba, ga kauri kamar igiyar ɗaure akuya. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ba abin da ba ta ɗauka. Ka ɗaura mata baki mai nutsewa, wato guntuwar igiya mai nauyi da ake ƙarawa a gabanta, ka ɗaura mata ƙwaro mai girman tafin hannu, za ta kai shi, ta kuma ratsa iska. Ba ta neman fili a bayanka. A Zakira, arewa da Doha, akwai inda itatuwa suka tsiro cikin ruwan gishiri suka tokare maka baya, ruwa kuma na gudu a mashigi idan teku na janyewa. A wurin nan ba wadda ke aiki sai ita. Baƙon da bai taɓa jifa ba, kafin shayinsa ya huce ya fara kai ƙwaro inda kifi yake. Kai kuwa da sauƙi za ta zo maka, don jifarta jifar birgi ce. Ka shimfiɗa ta a kan ruwa, ka jawo ta a hankali kana juya ƙugu, ka bar ruwan ya riƙe ta har sanda ta lanƙwasa, sannan ka saki.

Da na gano haka sai na yi halin nawa, na wuce gona da iri. Na ce khalas, an gama, daga yau ko'ina Guntuwa. Na kai ta har fadamar teku, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, garau kana ganin yashi, kifin da suke kira sha'ari suna kiwo kai a ƙasa. Na lallaɓa da baƙona har muka kusa, muna tafiya ba mu ɗaga ƙafa, na raɗa masa ya jefa. Jifar ta yi kyau, amma igiyar ta faɗa kamar an mari ruwa da filafilin tuƙa kwalekwale. Ban ga inda kifin suka bi ba, ƙurar yashi kawai suka bar mana. Baƙon ya juyo ya tambaye ni ko shi ya yi kuskure, dole na ce masa a'a, ni ne.

Sai maganar haƙorina na gaba, wanda na ce wa Innarka ƙashin rago ne ya cire shi. Ba rago ba ne. Guntuwa tunda kanta gajere ne, yawancin nisan jifarta wutsiya ce, kuma duk jifa sai ka janyo wutsiyar nan mai yawa ka riƙe ta a naɗe a yatsu. Yatsuna suka cika. Ni kuwa ɗan Sarkawa masunta, ina za a sa abin da hannu ya kasa riƙewa in ba a baki ba? Haka muke cije gefen birgi tun kakanni. Na cije wutsiyar, na jefa da ƙarfi, na buɗe baki daidai lokacin da na saba. Gefen birgi salin-alin yake fita. Wannan kuwa siririya ce, ashe ta riga ta zarge haƙorin. Kan igiya ya tafi, wutsiya ta bi shi, haƙori ya bi wutsiya. Har yau in muka wuce mai kifi a Najma sai Baba Mumuni ya ce, "Garba, buɗe bakin wancan ka duba, wataƙila shi ya tsinci naka."

Akwai kwandon roba a jakar, ana ɗaura shi a ƙugu, a riƙa zuba wutsiyar a ciki. Tun farko an ba ni shi na ƙi, wai ya mai da ni kamar mai tallan gyaɗa. Kai ka ɗaura shi. Ka kuma duba mahaɗar kai da wutsiya kowace safiya, don nan take maƙalewa a zoben sanda daidai lokacin da kifi ya zo kusa, nan kuma gishiri ke fara ci. In kun dawo ka wanke komai da ruwan famfo tun kafin ka nemi abinci. Guntuwa ita za ka fi ɗaura wa sababbin baƙi, ita ce ta iska, ta zurfi, ta matsatsi. Amma in ruwa bai kai maka ƙugu ba kuma kana ganin yatsun ƙafarka, mayar da ita jaka.

Mai jan zare ita ce 'Yar Tsakiya, baƙi na ce mata Scandi. Kanta kamar sanda uku, da kauri ta baya, tana sirancewa har baki. Ita ce ta fadama, don a hankali take sauka, kifi na kiwo ko ɗaga kai ba zai yi ba. Ba ta son babban ƙwaro, ba ta son baki mai nauyi, iska mai ƙarfi kuma na wasa da ita. Ba a shimfiɗa ta a ruwa kamar Guntuwa. Bakinta kawai zai taɓa ruwan, kafin ya nutse ka riga ka tura. Tsofaffin baƙin Abu Rashid, masu dawowa duk shekara, ita suke nema, kuma da ita Abu Rashid zai auna ka.

Ita ce ta gagare ni, sai ka karanta nan a hankali. Sandar nan hannu biyu take so da gaske. Na sama jagora ne, hanya kawai yake nunawa. Na ƙasa, mai riƙe da gindin sanda, shi ke fizgowa zuwa ciki, daga gare shi ƙarfin yake fitowa. In dama na sama, to hagu ne mai aikin. Ni kuwa haguna bai san aiki ba. An tashe ni a kan cewa hagu na kama ruwa ne da ɗaukar takalmi, duk abin da ke da daraja na dama ne. Sai na riƙa tura sandar da dama, daga kafaɗa, jifa bayan jifa, shekara da shekaru. Abu Rashid ya yi ta faɗa, "Na ƙasa, Garba, na ƙasa." In ce masa to, in ci gaba da abina.

Sannan ga iska. Dokarta ɗaya ce, igiya da ƙugiya su bi ta gefen da iska ke tafiya, ba ta gefen da take fitowa ba, in ba haka ba a jikinka za ta sauke su. Iskar da ta fi damun mu ita ce shamal, daga arewa maso yamma. A gabar gabas, wajen Wakra, in ka fuskanci teku hagunka take bugu, mai jifa da dama ya ji daɗi. Amma ka tsallaka yamma zuwa Zikrit ka fuskanci ruwa, sai ta dawo kafaɗar dama. A nan dole hagu ya hau sama, dama ya sauko ƙasa, ba wani zaɓi.

Wata rana a Zikrit, shamal na kaɗawa, ina nuna wa wani matuƙin jirgin sama jifa da 'Yar Tsakiya, yana tsaye ta haguna. Abu Rashid ya ɗaga murya daga bakin gaɓa, "Canza hannu, Garba. Yalla, canza." Na ji shi sarai. Na ɗora hagu a sama, na ji sandar kamar ta aro, ga kuma baƙo na kallo na. Sai na mayar da dama, na ce ƙarfi zai biya. Iska ta ɗebo igiyar ta shimfiɗa mini a gadon baya, ƙugiya ta shige bayan kunnena. Da na sunkuya ko kaɗan, fuskar baƙon ce a kan hanyarta, mutumin da idonsa ne abincinsa. Ban taɓa jin tsoro a cikin ruwa irin na ranar ba, kuma ba don jinin da ke bin wuyana ba.

A asibiti wata nas ce ta cire ta, Sista Laraba, Kirista 'yar Kafanchan. Ta ji ina wayyo Allah da Hausa, ta leƙo ta ce, "Sannu Baba. Kifin ne ya rama?" Da ta gama ta ce in cire riga ta goge jinin, sai ta ga yadda nake kokawa da hannun. Ta tattaɓa kafaɗar dama, ta tattaɓa ta hagu.

Ta ce, "Baba, wannan ta yi aikin mutum biyu. Ɗayar fa, ajiya aka ba ka?"

Na ce, "Haka aka tashe mu, 'yar nan."

Ta ce, "To wanda ya tashe ku ba shi zai kwana da ciwon ba."

Bayan nan na yi ƙoƙarin koya wa hagu aiki, amma na makara, ya riga ya tsufa a zaune. Sai na koma wata dabara, dama na nan a sama, in ƙetara da sandar ta kan kafaɗar hagu. Tana fid da mutum kunya a gaban baƙi, amma ita ta ƙarasa mini kafaɗar. Ka ga ma'anar amsar da na ba Abu Rashid ke nan.

Yanzu na zo kanka, Babana. Bahago aka haife ka. Da hagu ka fara miƙa hannu ga nono, da hagu ka fara jifan kaji. Na ɗaure maka shi da ɗankwalin Innarka lokacin cin tuwo, wannan ban yi nadamarsa ba, abinci da gaisuwa na dama ne, a nan ma haka suke. Amma ban tsaya a akushi ba, na bi ka da dokar har cikin kwalekwale. Na ce ɗan da ya ci sunan mahaifina ba zai jefa birgi a karkace ba. Ka koyi jifa da dama, birginka na faɗawa a dunƙule, ana cewa ɗan Garba bai yi gado ba, ni kuma ina ji ban kare ka ba.

Ka tuna safiyar da na zagayo bayan tsibiri ban yi motsi ba? Kana tsaye a goshin kwalekwale kai kaɗai, ka juya ta ɗaya gefen, ka saki. Birgin ya buɗe tas kamar faifai, ya sauka gaba ɗaya. Kakanka ma da ake ba da labarinsa ban ga ya yi wadda ta fi ta ba. Na tsaya na kalla, raina ya yi fari, sannan na matso na ce, "Da wane hannu?" Na tsula maka igiyar ɗaure jirgi. Tun daga ranar, in na shigo wuri sai ka kai hagunka baya. Ko a hoton da ka turo mini na fasfo na lura da kafaɗar, ta ɗan ja baya. Abin nan ya daɗe yana ci na, kuma ni na yi kuskure, ba kai ba.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba, umarni ne na uba. Dukan da na yi maka bai kashe hagun ba, sai dai ya tilasta wa daman koyon aiki. Yau kana da abin da ni ban taɓa samu ba, abin da baƙi ke biyan malamai su koya musu su kasa, hannu biyu masu jin magana. Kowace safiya kafin ka taɓa jaka ka tsaya ka ji ta ina iska ke bugun ka, ita za ta faɗa maka hannun da zai hau sama. Sannan ka dubi zurfin ruwan da abin da ke bayanka, su za su zaɓa tsakanin baƙin zare da ja. Sannan ka dubi baƙon, in sabo ne ka sauƙaƙa masa, ka kuma tsayar da shi ta gefen da ƙugiya ba za ta bi ba. Tabarau da hula kada su bar kanka ko nasa muddin akwai ƙugiya a sama. In jifa ta fara neman ƙarfi, to wani abu ya karkace, ka tsaya ka gyara, kada ka biya da kafaɗa.

Na san Abu Rashid. Ba zai gwada ka a Wakra ba. Zai jira ranar da shamal ta tashi, ya ce ka shiga mota, ya kai ka Zikrit, wurin da na zubar da jini. Zai miƙo maka sanda da 'Yar Tsakiya, ya koma gefe yana shan gahawarsa kamar ba ya kallo. Ka karɓa da dama, don ladabi. In ka shiga ruwa za ka ji iska a kafaɗar dama, kuma na san za ka ji muryata a kunnenka tana tambaya da wane hannu. Amsar ita ce hagu. Ka ɗora shi a sama a gaban kowa, ka bar dama ya ja gindin sanda, kada ka waiwaya neman ko ina nan.

Na riga na gaya masa. Na ce, "Ya Abu Rashid, ɗana bahago ne." Ban taɓa faɗin kalmar nan da ƙarfi a gaban wani ba sai ranar. Ya ajiye finjalinsa ya ce, "To me ya sa ka bar shi a gida duk shekarun nan ka zo mini da kanka?" Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana cikin ruwa, gaɓa ba ta da nisa. Ka riƙa kiran Innarka, kada ka yi irin tawa wayar. Ka ji maganar Baba Mumuni ban da abin da ya shafi haƙorina. In ciwo ya kai ka asibitin nan ka tambayi Sista Laraba, ka ce mata kai ne ɗan mai ajiya, za ta gane.

Allah Ya tsare maka idonka da kunnenka da kafaɗunka biyu. Allah Ya kare ka daga sharrin ruwa da na iska, Ya haɗa ka da baƙi masu haƙuri, Ya sa Abu Rashid ya ga abin da na gani a bayan tsibiri. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri.

In ka buɗe jakar ka duba mariƙin sandar na sama. Shekarun da na yi da ita, babban yatsana na dama ya yi rami a wurin, duk wanda ya riƙe sai hannunsa ya faɗa inda nawa yake. Na sayi sanfefa na goge ramin, don naka ya yi nasa. Za ka ga gugar ba ta yi daidai ba, wani gefen ya fi wani ci. Ka yi haƙuri da ita, da hagu na yi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba.